Rangwamen haraji don gina wa talaka gida: yadda tsarin yake da inda ya tsaya a Madawa, Buza da Keita

Damanar 2024 ta bar Nijar da ɓarnar da aka daɗe ba a ga irinta ba. Alƙaluman hukuma sun nuna mutane kusan 400 sun rasu, wasu kimanin miliyan ɗaya da rabi kuma ambaliya ta shafe su, har sai da aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga watan Oktoba saboda iyalai sun fake a cikin azuzuwa. Mafi yawan abin da ya faɗi ɗakunan laka ne. Tun daga lokacin tsohuwar tambaya ta sake tasowa: ta wace hanya gwamnatin da aljihunta ba shi da zurfi za ta taimaki mai ƙaramin ƙarfi ya samu muhalli mai jure ruwa? Ɗaya daga cikin amsoshin da ƙasashe da dama suka gwada ita ce ta haraji, wato gwamnati ta haƙura da wani kaso na abin da take karɓa, da sharaɗin a gina gida mai rahusa. Wannan bayani ya duba ma'anar tsarin, inda ya samo asali, abin da dokokin Nijar suka tanada, da kuma yadda zai iya shafar gundumomin Madawa, Buza da Keita a jihar Tawa.

Me ake nufi da rangwamen haraji?

Akwai hanyoyi uku da mutane kan haɗa su a baki ɗaya, alhali kowacce da aikinta.

Ta farko ita ce yafewa. Gwamnati ta ce kaya kaza ko aiki kaza ba za a biya masa haraji ba, misali a cire harajin TVA ko kuɗin duwan a kan kayan gini. A Nijar TVA kashi 19 cikin 100 ne. Idan kayan ginin wani gida sun kai sefa miliyan 2 kafin haraji, TVA kaɗai za ta ɗora sefa 380,000 a kai.

Ta biyu ita ce rage ribar da ake yi wa lissafi. Kamfanoni a Nijar suna biyan kashi 30 cikin 100 na ribarsu. A ɗauka kamfani ya ci ribar miliyan 100, harajinsa miliyan 30 ke nan. Idan aka ba shi damar cire miliyan 10 daga ribar kafin lissafi, za a lissafa masa a kan miliyan 90, ya biya miliyan 27. Sauƙin da ya samu miliyan 3 ne.

Ta uku ita ce ragi kai tsaye daga harajin kansa, kuma ita ce ainihin abin da ake kira rangwamen haraji a wannan fanni. Kamfanin nan da ake bi miliyan 30, idan yana riƙe da takardar rangwame ta miliyan 10, miliyan 20 zai biya. Kowace dala ta rangwame dala ce da ta rage a aljihunsa, shi ya sa masu zuba jari suka fi son wannan hanya.

A duka ukun baitulmali ne ke yin asarar kuɗin shiga. Bambancinsu da tallafi na kai tsaye shi ne kuɗin ba ya fita daga asusun gwamnati, tun farko ne ba ya shiga.

Asalin tsarin a Amurka

Misalin da aka fi ambata a duniya shi ne na Amurka, wanda ya fito daga dokar gyaran haraji ta 1986. Gwamnatin tarayya tana raba wa jihohi kason rangwame gwargwadon yawan jama'arsu, hukumar gidaje ta kowace jiha kuma ta zaɓi ayyukan da suka cancanta. Mai gini da ya samu takardar yakan sayar da ita ga banki ko babban kamfani mai nauyin haraji, ya karɓi tsabar kuɗi ya zuba a ginin. Shi kuma mai sayen takardar yana cin rangwamen a hankali cikin shekara 10.

Sharuɗɗan suna da tsauri. Dole a ware aƙalla kashi 20 cikin 100 na gidajen ga iyalan da abin da suke samu bai wuce rabin matsakaicin samun mutanen yankin ba, ko kuma kashi 40 ga waɗanda ba su wuce kashi 60 na wannan matsakaici ba. Kuɗin haya ba zai haura kashi 30 cikin 100 na iyakar samun da aka ƙayyade ba. Ana sa ido na shekara 15, kuma idan mai ginin ya saɓa alkawari hukumar haraji tana ƙwace rangwamen. Daga 1990 an tsawaita wa'adin riƙe haya mai sauƙi zuwa shekara 30. Da wannan tsari aka gina ko aka gyara gidajen haya fiye da miliyan 3. Jihohi sama da 20, cikinsu har da Kalifoniya, Mizuri da Jojiya, sun ƙara nasu rangwamen a kan na tarayya.

Abin lura shi ne tsarin ya dogara da abubuwa uku: manyan kamfanoni masu biyan haraji mai yawa, iyalai masu samun kuɗi da za a iya tantancewa a takarda, da hukuma mai ƙarfin bin diddigi na tsawon shekaru.

Maroko da Najeriya

A Afirka, Maroko ce ta fi nisa a wannan hanya. Dokar kasafin kuɗinta ta 2010 ta yafe wa kamfanonin gini harajin riba da wasu kuɗaɗen rajista, muddin suka sa hannu kan gina aƙalla gidaje 500 cikin shekara 5, kowanne a kan farashin da bai wuce dirhami 250,000 ba. Gwamnati kuma ta ɗauki nauyin TVA a madadin mai saye. An gina dubban ɗaruruwan gidaje, sai dai yawancinsu sun taru a kewayen manyan birane irin su Kasabalanka, an kuma yi ta ƙorafi kan inganci da nisan unguwannin daga wuraren aiki. Daga 2024 ƙasar ta koma ba mai saye tallafin kuɗi kai tsaye.

A Najeriya, asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 yana karɓar kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci domin ba shi rance mai sauƙi daga baya. Rangwamen haraji irin na kai tsaye kuwa a fannin hanyoyi ya fi fitowa fili: wani umarnin shugaban ƙasa na watan Janairun 2019 ya ba kamfanoni, cikinsu har da Dangote, damar gina titi su cire kuɗin daga harajinsu.

Abin da Nijar ta tanada

Nijar ta fi karkata ga yafe haraji da kafa hukumomi. Tun farkon shekarun 1960 akwai kamfanin SONUCI mai yanka filaye da gina gidaje, akwai kuma tsohon bankin Crédit du Niger da ya riƙa ba ma'aikata rancen gini. Doka mai lamba 98-54 ta 29 ga Disamban 1998 ita ce ta amince da manufar ƙasa kan muhalli, ta kuma hango kafa asusun gidaje da bankin gidaje. Sai bayan kusan shekara 20 aka cika wannan alkawari: an kafa asusun a 2017, aka buɗe Bankin Gidaje na Nijar, BHN, a watan Disamban 2018 da jarin sefa biliyan 10. A tsakanin nan aka fitar da dokar tsara birane ta 2017 da dokar gini da muhalli ta 2018. Shirin mulki na wa'adi na biyu na Shugaba Mahamadou Issoufou ya yi alkawarin gidaje 25,000 daga 2016 zuwa 2021, amma abin da aka gina bai kusanci wannan adadi ba.

Dokar zuba jari ta 2014 tana ba kamfanin da gwamnati ta amince da shirinsa sassaucin haraji da na duwan na wasu shekaru. A matakin yanki kuma akwai asusun CRRH na ƙungiyar UEMOA, wanda aka kafa a 2010 da mazauni a Lome, mai ba bankuna kuɗi na dogon zango domin su iya ba da rancen gida. A 2017 Bankin Duniya ya tallafa wa wannan tsari da dala miliyan 155 ta Amurka domin rancen ya kai ga masu ƙaramin ƙarfi. Nijar ta fice daga CEDEAO amma tana nan cikin UEMOA.

Gidajen da aka gina ta waɗannan hanyoyi sun fi yawa a Yamai, sai manyan biranen jihohi lokacin bikin 18 ga Disamba da aka riƙa zagayawa da shi, kamar Tawa Sakola a 2017. Waɗanda suka amfana galibi ma'aikatan gwamnati ne da na kamfanoni, masu albashin da banki zai iya cira daga tushe.

Matakin da ya fi taɓa mai gini na ƙauye shi ne na watan Oktoban 2024, bayan ambaliya. Hukumomin CNSP sun yafe wa siminti samfurin 32.5 wasu haraji, suka ƙayyade farashinsa jiha jiha, ragin da ya kai kimanin kashi 35 cikin 100. A Yamai tan ɗaya ya koma sefa 55,000, a jihar Tawa kuma ƙasa da haka, domin masana'antar siminti ta Malbaza tana cikin jihar, a kan babbar hanyar da ta haɗa Ƙonni da Madawa. Wannan sassauci bai tambayi mai saye ko talaka ne ko attajiri ba. Mai gina bene da mai yaɓe ɗaki ɗaya farashi guda suke biya, kuma mai sayen tan ɗari ya fi mai sayen buhu biyar cin moriya.

Yadda ake gina gida a gundumomin uku

Ƙidayar 2012 ta samu mutane kimanin 545,000 a gundumar Madawa, 445,000 a Buza, da 337,000 a Keita, jimilla sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. A lokacin yawan jama'ar Nijar yana ƙaruwa da kashi 3.9 cikin 100 a shekara, abin da ke nufin ninkawa cikin ƙasa da shekara 20. Mafi yawan mutanen a karkara suke, a garuruwa irin su Bangi, Sabon Gida, Urno da Galma a Madawa, Karofan, Allakai, Tama da Babban Katami a Buza, Tamaske, Garhanga da Ibohaman a Keita.

A nan ba kamfani ke gina gida ba. Maigida ne ke ginawa, ɗaki bayan ɗaki, a filin gado ko wanda ya saya, da tubalin laka da aka buga da rani, wani lokaci da dutsen da ya wadata a tuddan Adar. Magini na gari ne ke jan aikin, 'yan uwa da maƙwabta su kama da gayya. Kuɗin tol, ƙofa, taga da siminti na fitowa daga hanyoyi uku: albasar da ake nomawa a kwarin Tarka da Majiya da fadamun Tamaske, sayar da dabba, da kuma abin da 'yan cirani ke aikowa daga Abijan, Najeriya, Libiya da sauran wurare. Duk wanda ya zaga ƙauyukan Adar zai iya gane gidan da ke da ɗa a waje daga rufinsa.

Raunin wannan gini sananne ne. Ruwa na cin gindin bango idan babu tushe na dutse ko siminti. Rufin ƙasa na yin nauyi idan ya sha ruwa, azara ta karye. Azarar giginya mai ƙarko ta yi tsada, itacen da ake samu a madadinta kuma gara na cinye shi. Sannan ƙoramu da ke gangarowa daga duwatsu suna faɗaɗa, suna cin unguwannin da aka gina a bakinsu. Ga kuma ƙarin matsi a karamar hukumar Bangi, inda dubban 'yan gudun hijira daga jihar Sakkwato suka samu mafaka saboda hare-haren 'yan bindiga.

Me ya sa rangwamen bai isa ƙauye ba?

Dalili na farko shi ne rangwame yana amfanar wanda ake bi haraji mai yawa. Maginin Buza ko ɗan kwangilar Keita, in ma yana da rajista, ƙaramin haraji na dunƙule yake biya. Takardar ragin miliyoyi ba ta da amfani gare shi sai in doka ta yarda ya sayar da ita ga banki ko kamfanin sadarwa, kamar yadda ake yi a Amurka.

Na biyu shi ne ƙarfin mai saye. Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 a farkon 2024. Idan mai wannan albashi ya ware kashi ɗaya cikin uku, jaka 14 ke nan a wata. Cikin shekara 15, ko babu ruwa ko kaɗan a kan rancen, abin da zai tara sefa miliyan 2 da dubu 520 ne. Gidan siminti na kamfani, ko an cire masa TVA, ya fi haka nesa ba kusa ba. Manomin albasa kuwa ba shi da albashin wata: kuɗinsa na zuwa sau ɗaya ko biyu a shekara, farashi kuma na iya faɗuwa lokacin girbi.

Na uku shi ne takardar fili. Banki na neman cikakkiyar takardar mallaka kafin ya karɓi gida a matsayin jingina. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gargajiya, ta kuma kafa kwamitocin filaye a matakin gunduma, ƙaramar hukuma da ƙauye, waɗanda ke ba da shaidar gado, saye ko kyauta. A cikin gari mairi ce ke ba da takardar sayar da fili bayan an yanka. A 2006 an ƙirƙiro takardar mallaka mai sauƙi da ake kira Sheda domin rage tsada da jinkiri. Duk da haka gidaje da yawa a karkara babu wata takarda a kansu, kuma gidan gado na mutane da yawa ne, ba mai iya jinginar da shi shi kaɗai.

Na huɗu shi ne batun riba. Magidanta da dama ba sa son rance mai ruwa saboda addini. Akwai Bankin Musulunci na Nijar da tsarin murabaha, inda banki ke sayen kaya ya sayar wa mutum a kan ribar da aka yi yarjejeniya, amma rassan bankuna ba su da yawa a wajen manyan garuruwa.

Abin da yankin ya riga ya gwada

Jihar Tawa ba baƙuwa ba ce ga aikin haɗin gwiwa mai ɗorewa. Aikin raya karkara na Keita da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, tare da hukumomin FAO da PAM, ya farfaɗo da dubban hekta na fako, ya dasa miliyoyin itatuwa, ya gina madatsun da ke rage ƙarfin ƙoramu, kuma mata ne suka yi mafi yawan aikin. A kwarin Majiya na Buza, layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 tare da ƙungiyar CARE domin tare iska sun zama tushen itacen gini ga ƙauyukan kwarin.

A fannin gini kansa, tun 1980 ƙungiyar Development Workshop ta fara koya wa magina a Nijar rufin tulluwa da na baka da tubalin laka zalla, ba tare da azara ba. Masallacin Yama, wanda magini Falke Barmu ya fara a 1962 kuma ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, shaida ce cewa laka a hannun gwani tana daɗewa idan ana kula da yaɓe. A Diffa da Tilaberi kuma, hukumar HCR da ƙananan hukumomi sun gwada yanka fili a raba shi uku: kaso ga masu gonar asali, kaso ga marasa galihu da 'yan gudun hijira, kaso kuma mairi ta sayar ta yi aikin ruwa da hanya da kuɗin.

Waɗannan misalai suna nuna inda sassaucin haraji zai fi tasiri a Madawa, Buza da Keita. Maimakon gida cikakke na kamfani, abin da ke ceton ɗakin laka shi ne tushe mai ƙarfi, rufi mara nauyi, indararo da magudanar ruwa. Sassaucin da aka ɗaura wa kayan da wannan aiki ke buƙata, aka kuma bi da shi ta hannun ƙungiyoyin magina masu rajista ko ƙungiyoyin adashe irin na Mata Masu Dubara da suka faro a Maraɗi a 1991, zai fi kusa da talaka. Haka ma rage kuɗin yin takardar fili, wanda asararsa ga baitulmali kaɗan ce amma yana buɗe ƙofar rance. Rangwame ga kamfani kuwa zai fi dacewa da gidajen haya na malaman makaranta, ma'aikatan lafiya da sauran ma'aikatan da ake turowa garuruwan Madawa, Buza da Keita, waɗanda ke da albashi amma suke rasa wurin zama mai kyau.

Yadda ake auna kowane shiri

Duk lokacin da aka sanar da sabon sassauci da sunan gidajen talakawa, akwai tambayoyi biyar da ke bayyana ƙimarsa. Nawa baitulmali zai rasa, kuma an rubuta adadin a kasafin kuɗi? Wa ya cancanci gidan, kuma wa ke tantancewa? An ƙayyade farashin sayarwa ko na haya, har na shekara nawa? Me zai faru da kamfanin da ya ci sassauci ya sayar da kayan a kasuwa ko ya kasa gama ginin? Sannan kaso nawa aka ware wa gundumomin da ke nesa da Yamai?

Ga magidancin da ke shirin gini a bana, matakan da ke hannunsa su ne ya nemi shaidar filinsa a kwamitin filaye ko a mairi kafin ya sa tubali, ya tambayi farashin siminti da hukuma ta ƙayyade wa jiharsa ya kuma karɓi rasit, ya guji bakin ƙorama ko da filin ya fi araha, ya fara kashe kuɗinsa a tushe da rufi kafin ado. Tun watan Afrilun 2024 da aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, jami'an da gwamnati ta naɗa ne ke riƙe da mairi, kuma a ofishinsu ake samun bayanin yankan filaye da wuraren da aka hana gini saboda ruwa.